Bakin Mama

Torano, 9 ga Satumba, 1957

Yaya Duilio,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata tarin ya lafa, kuma kana cin abin da suke ba ka a asibitin ba tare da ka zagi mai dafawa ba. Mu nan lafiya lau. Maigidana Oreste yana nan yana sauko da farin dutse daga kan tsauni da motarsa, bayansa na ciwo amma ba zai faɗa ba. Gwaggo Palmira ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka iskar can ba ta maganin komai, da romon kazarta ka sha da tuni ka miƙe.

Sai maganar rumfar aikinka. Kullum da safe kafin in tafi gidan wanki nakan je in yaye tamfol, in jiƙa tsummokaran a bokiti, in matse su yadda ka nuna mini, in sake lulluɓe kan Mama da kake ginawa da yumɓu. Da yamma in maimaita. Wata biyar ke nan ban tsallake rana ɗaya ba, har ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. Yumɓun yana nan da laushinsa.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ina daɗewa a gabanta fiye da yadda aikin yake bukata. Kai shekararka goma sha huɗu da ta rasu, ka san ta. Ni uku gare ni, kuma ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Duk maƙabartar garin nan kowa da hotonsa a jikin kabari, sai ita, suna kawai da shekara. Na kai arba'in da ɗaya ban san fuskar uwata ba, sai ranar da ka ɗaga tsumman nan ka ce in duba.

Jiya tsoho Tebaldo mai zubin jeso, farin garin nan da ake kwaɓawa da ruwa ya daskare, ya leƙo. Ya ce yumɓu ba ya zama jiƙe har abada, ƙarfen da ke riƙe da shi ta ciki zai yi tsatsa, katakon ya kumbura. Ya ce a ba shi kwana biyu ya zuba mata jeso, a fitar da ita fara, mai tauri, daga nan ko shekara ɗari ta yi ba abin da zai same ta. Na ce sai na tambaye ka. To, ga shi na tambaya.

Ƙanwarka,
Argia

Valtellina, 20 ga Satumba, 1957

Auta,

Na samu takardarki. Da sauƙi. Suna jera mu a baranda cikin barguna mu kalli tsauni, kamar ban kalli tsauni ya ishe ni ba. Likita ya ce ƙurar dutsen da na shaƙa shekara talatin ce ta yi gida a huhuna, sai a hankali. Na ce masa ai tawa ce, da guminta na samu. Ki gaida Oreste da Gwaggo.

Tebaldo kuwa, ki ce masa na ce a'a. Na san bai gaya miki yadda ake yi ba, don haka bari in gaya miki. Zai watsa mata jeso har ya rufe ta ruf. In ya bushe ya tsaga shi biyu, sannan ya sa cokali ya kwashe yumɓun daga ciki ya watsa a bokiti. Daga ranar babu yumɓu. Abin da zai fito daga ɓawon nan shi ke nan, ba a ƙara masa, ba a rage masa. Ana yi wa aikin da aka gama haka, ni kuwa ban gama ba.

Kin san mutanen Milano sun cika jarida da surutu a kan mutanen da nake sassaƙawa ba fuska. Wani mai gilashi ya rubuta wai ina nuna yadda yaƙi ya shafe ɗan Adam. Na bar shi da iliminsa. Gaskiyar ita ce duk fuskar da na fara sai ta koma neman ta Mama, in kasa, in goge. Mala'iku nawa na sassaƙa wa kaburburan mutanen Amurka ina saurayi, duk da fuska, ban damu ba, don ba su shafe ni ba. Wannan ce kaɗai na kusa kamawa. Saura kaɗan, aikin wuni guda ne da hannuna.

Kafin Kirsimeti ina gida, in Allah ya so. Ki ci gaba da jiƙawa, kada ruwan ya yi yawa. Kuma ki daina tsayuwa kina kallonta a buɗe, iska na shan ta.

Yayanki,
Duilio

Torano, 3 ga Nuwamba, 1957

Yaya,

Na iso gida lafiya, sai dai jirgin ƙasan ya karya mini ƙugu. Na ji daɗin ganinka, ko da yake ka rame, kuma ban yarda da wannan gemun ba. Ka tambaye ni abin da likita ya tsayar da ni yana faɗa a bakin ƙofa. Maganar takardu ce kawai, kada ka sa ta a ranka. Safar ulun da na bar maka a ƙarƙashin matashi take, ka sa ta.

Jiya ranar matattu, mun je maƙabarta da furanni. Gwaggo ta tsaya gaban kabarin Mama tana gaya mata wai ɗanta na nan tafe da fuskarta. Daga can ta matsa sai na kai ta rumfa. Na yaye tsumman, ta kai hancinta har yana taɓa yumɓun, ta ce wallahi ita ce, kamar ta yi magana. Na san me za ka ce, idonta ya mutu, bara ma ta gaida ginshiƙin ƙofar coci tana zaton limamin ne. Amma ni na ji daɗi. In ban da kai, ita kaɗai ta rage da ta san Mama.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Akwai tsaga a wuyanta ta baya, siririya, daga kunnen dama ta gangaro. Makon jiya farcena ba ya shiga, yau yana shiga. Wani jan ruwa yana fitowa daga ciki, Tebaldo ya ce tsatsar ƙarfen ce. Kuma sanyi ya sauko da wuri bana, ƙanƙara ta riga ta rufe kan tsauni. Ya ce in ruwan da ke cikin yumɓu ya daskare sau ɗaya, to da rana ta fito za ta zube kamar busasshiyar gurasa. In na kunna murhu kuma ta bushe ta tsattsage. Ga rufin rumfar, ka san yadda ka bar shi.

Yaya, ba na son in ɓata maka rai kana kwance. Amma mene ne ya rage a jikinta? Na dube ta ta kowane gefe, ni ban ga abin da ya rage ba. Ka gaya mini, ko ka bar Tebaldo ya yi aikinsa.

Argia

Valtellina, 12 ga Nuwamba, 1957

Auta,

Zazzaɓi ya riƙe ni kwana shida, shi ya sa rubutun ya karkace. Yau da dama. Safar ta yi mini.

Tsagar wuya ba komai ba ce, ki cusa mata yumɓu mai laushi daga bokitin da ke bayan ƙofa. Sanyin ne abin tsoro. Kada ki bari ya ci ta, Argia. Ki yi duk abin da za ki iya. Ba ni da ƙarfin dogon bayani.

Abin da ya rage kuma sai na zo, ba ya faɗuwa a takarda.

Duilio

Torano, 6 ga Disamba, 1957

Yaya Duilio,

Ina gaishe ka. Ina fata zazzaɓin bai dawo ba. Kowa lafiya. Ka zauna sosai kafin ka karanta sauran, don na yi maka laifi biyu, kuma na gaji da ɗaukarsu.

Katin da na aiko maka sau biyu ina cewa ina nan ina jiƙa ta, ƙarya ne. Babu yumɓu tun ranar ashirin da ɗaya ga watan jiya.

Ranar sha tara na je da safe na tarar da ruwan bokiti ya daskare, sai da na sa dutse na fasa. Tsumman sama ya sandare, ya yi tauri kamar fata. Na lulluɓe ta da bargunan gadonmu biyu tun kafin nan, su suka cece ta, amma leɓatun kunnen dama ya ɓalle a hannuna. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Sai na ciro takardarka, na karanta inda ka ce in yi duk abin da zan iya. Na san barguna kake nufi, Yaya. Ba zan ce ban sani ba. Amma na karanta abin da nake so in karanta, na tafi gidan Tebaldo na nuna masa layin nan kaɗai, na rufe na ƙasa da yatsana.

Shi ma ba yaro ba ne. Ya dube ni ya ce, "Argia, Duilio ne ya ce, ko ke kika ce?" Na ce kai ne. Ya ɗauki buhunsa ya biyo ni.

Ya manna kunnen da hannunsa kafin ya fara. Na tsaya har ya rufe fuskar. Washegari da ya tsaga ɓawon ya ɗauko cokali, na fita waje, na kasa kallo. Ina jin yumɓun yana faɗawa bokiti, tim, tim. Da ya zuba sabon jeso ya bushe, ya farfasa ɓawon da ƙaramar guduma, sai ga goshinta, sai ga ido. Ta fito lafiya, ko kwarzane babu, har zanen yatsunka yana nan a kumatunta. Tebaldo ya cire hularsa. Ya ce shekara hamsin yana wannan aiki, bai fitar da kai irin wannan ba.

Laifi na biyu shi ne ya jawo na farkon. Likitan nan ba maganar takardu ya yi mini ba. Ka san su, ba sa faɗa wa mara lafiya, sai dangi. Ya ce huhun dama ya tafi, na hagu yana bin sa, kada mu sa ran za ka sauko daga tsaunin nan. Ya ce kada in gaya maka. Na riƙe har wata guda da kwanaki, ina rubuta maka labarin safa. Kullum in na jiƙa tsumman sai in ce a raina, wa nake jiƙa wa? In ka tafi, sanyi kuma ya ci ta, shi ke nan na rasa ku biyu a shekara ɗaya, kuma ita karo na biyu ke nan.

Ban ce ka yafe mini ba tukuna. Ka zage ni, na fi son haka da ka yi shiru. Amma tana nan, Yaya, kuma ba za ta ƙara zuwa ko'ina ba.

Ƙanwarka,
Argia

Valtellina, 7 ga Disamba, 1957

Auta,

Katinki biyu sun iso, layi uku-uku, kamar ana sayar miki da tawada da tsada. Na ji daɗi da kika ce yumɓun yana nan lafiya. Wannan takarda ba hannuna ba ne, Sista Celestina mai jinyarmu ce take rubuta abin da nake faɗa, don alƙalami ya fara yi mini nauyi. Ta ce in na yi zagi ba za ta rubuta ba.

Ba zan zo Kirsimeti ba, Argia. Ba zan zo ba gaba ɗaya. Ba wanda ya gaya mini, amma sun ɗauke ni daga baranda sun kai ni ɗaki mai gado biyu, kuma likita ya daina yi mini faɗa a kan taba. Na ga an yi wa mutum huɗu haka tun zuwana. Kada ki yi kuka a kan takardar, akwai aiki a ciki kuma ina so ki karanta shi da kyau.

Kin tambaye ni abin da ya rage. Baki ne. Goshin nata ne, idon nata ne, hancin ma, wannan na rantse. Amma bakin ya ɓace mini. Shekaru ina nemansa. Da tarin ya tsananta na ga tafiya ta kama ni, sai na ari naki. Kina kawo mini abincin rana kina tsaye kina mita, ni kuwa ina kallonki ina ɗorawa. Na sa shi ne ya riƙe wurin kafin in samo nata. Kunya ta hana ni faɗa miki, ranar da na ga yadda kika tsaya a gabanta. Shi ya sa na hana Tebaldo. Ba zan kai bakinki kabari kina da rai ba, kuma ba zan ba ki uwa rabi in ce miki ita ce ba.

Shekaranjiya na same shi. Na kasa ɗaga cokali, Sista ta zauna tana ba ni miya, ta hura cokalin kafin ta miƙo. Sai ga Mama a gabana tana hura miki polenta, faten masarar nan, kina bisa cinyarta. Haƙorinta ɗaya na ƙasa ya fita ta hagu tun haihuwarki, leɓen ya ɗan shige a wurin, sai ka ga kamar akwai maganar da ta riƙe ba ta faɗa ba. Ba murmushi ba ne, kada ki mai da shi murmushi. Duk fuskar a wannan ɗan wurin take rataye.

Ke za ki yi. Hannunki ya san yumɓun nan yanzu, wata takwas kina taɓa shi. Ki jiƙa babban yatsanki. Ki sa shi ƙarƙashin leɓen ƙasa, a kusurwar hagunta, hagunta ita. Ki danna ciki, ki ɗan tura sama, zurfin rabin ƙwayar wake. Sau ɗaya, ki ɗauke hannu, kada ki shafe wurin. Leɓen sama zai biyo da kansa in yumɓun na da laushi. Sannan ki rage kaurin leɓen ƙasa da gefen yatsa, naki ya fi nata cika. In kin yi daidai za ki sani, don ni ma haka nake sani.

Daga nan ki kira Tebaldo ya zuba jesonsa, na ba shi izini. Ki ce ya nemi wanda zai fitar da ita a farin dutse mara jijiya, a kafa a kabarin.

Na gode da kika riƙe mini ita duk watannin nan. Na san kin gaji, kuma da wata ce da tuni ta saki. Ki rubuto ki gaya mini ranar da kika yi.

Yayanki,
Duilio

Torano, 19 ga Janairu, 1958

Yaya,

Ina gaishe ka. Wannan ce takarda ta huɗu tun da takardunmu suka yi saɓani a hanya, kuma ban samu ko layi ɗaya daga gare ka ba. Sista Celestina ta aiko mini da kati makon jiya, Allah ya saka mata. Ta ce kana nan, tana karanta maka duk abin da na aiko, kai kuma ka juya fuska bango. Ba ta ce fushi ne ko rashin ƙarfi ba. Na so in zo, amma ƙanƙara ta rufe hanyar tsaunin, an ce sai wata mai zuwa. Oreste yana gaishe ka. Gwaggo tana kwance tun sabuwar shekara, ba ta gane kowa.

A takardun baya haƙuri kawai na yi ta ba ka. Yau zan gaya maka abin da na yi.

Ranar da taka ta iso na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na tafi rumfa ban ko ɗauki mayafi ba. Na jiƙa yatsana kamar yadda ka ce, na sa a wurin na danna. Na san jeso ne, na san ba zai shiga ba, amma na danna har farcena ya karye. Daga baya na ɗauko madubin askin Oreste na riƙe kusa da ita. Gaskiyarka ne. Wata takwas ina tsayawa ina kallon bakin kaina ina cewa Mama. Yanzu ba na iya ganin komai a fuskar sai shi, kuma na ji haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Da ka faɗa mini tun Satumba da ban taɓa ta ba. Ni ma da ban yi maka ƙarya ba da ka faɗa da wuri. Na juya wannan a raina har na gaji.

Na kai wa Tebaldo takardarka, wannan karon duka, ban rufe komai ba. Ya karanta har ƙarshe. Sannan ya ce jeso ana iya kankare shi, amma ba a tura shi, kuma abin da kake nufi turawa ce. Ya ce akwai dabara ɗaya. Ya ɗauki mazubin ƙasan fuskar, daga hanci zuwa haɓa. In aka danna yumɓu mai laushi a ciki aka fitar, sai ga bakin kamar yadda ka bar shi. Ya ce in na samu wanda ya yi daidai, zai zuba shi a jeso, ya yanke tsohon bakin ya dasa shi. Yumɓunka ne na yi amfani da shi, wanda ya kwashe daga kanta, ban bar shi ya zubar ba.

Na fitar da na farko na danna. Ya zama kamar mai ciwon haƙori. Na biyu ya yi murmushi, ka ce kada ya yi. Na uku ina ganinsa na ce ita ce, washegari da na dawo na ga wata baƙuwa. Na ci gaba. Kowane da ɗan bambancinsa, wannan ya fi zurfi kaɗan, wancan ya fi hawa sama, kuma kowane in na kara shi a fuskar sai ta zama wata mace daban. Duka suna kama da wadda ta riƙe magana. Na tambayi Tebaldo wanne ya fi, ya ce a wurinsa na shida ya fi kyau, amma shi bai taɓa ganin uwarmu ba.

Ka ce in na yi daidai zan sani. Kai ne za ka sani, Yaya, kai ka gan ta. Ni shekarata uku.

Guda tara ne yanzu a kan teburinka, na jera su na sa musu lamba, kowane da jiƙaƙƙen tsummansa, safe da yamma. Na zana su a takardar da ke cikin wannan ambulan, iya yadda hannun mai wanki zai iya. Ba sai ka yi mini magana ba, ba sai ka yafe ba. Sista za ta riƙe maka takardar kusa da fuskarka. Ka ɗora yatsa a kan ɗaya kawai, ita za ta rubuto mini lambar.

Ƙanwarka,
Argia